Dutsen da Ban Mayar Ba

Dutsen yana da sanyi sa'ad da malamarmu, Madam Firisila, ta ɗora mini shi a tafin hannun hagu. Na daman yana rataye a wuyana, cikin ɗori.

Ita ce ta kawo wannan tsari makarantarmu. Ta ce bulala da kora ba su gyara kowa ba. In an yi wa wani laifi, sai a zauna a da'ira, a riƙa miƙa dutse. Wanda yake riƙe da shi ne kaɗai ke magana. Mai laifi ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, wanda aka cuta ya faɗi abin da zai wanke masa zuciya, in ya gamsu, shi wanda aka cutan ne zai mayar da dutsen cikin kwando, a tashi. Na ga tsarin ya shirya 'yan Anguwan Rogo da 'yan unguwar Congo-Russia da suka shekara ba sa gaisawa. Na yarda da shi.

"Na hana Abdulfatah kwafar amsata a gwaji," na ce. "Da aka tashi ya ture ni daga matakalar bene. Saura mako biyar jarrabawar fita. Ba na neman a kore shi. So nake ya ce shi ya yi."

Ƙawata Nmachi ta karɓa. "Ni na gani da idona, Madam. Hannu biyu ya sa."

Dutsen ya isa hannun Abdulfatah. Ya daɗe yana juya shi.

"Ummusalma, ni dai a gaskiya..."

Mahaifinsa, Alhaji Lukuman, ya yi gyaran murya.

"Tsautsayi ne," Abdulfatah ya ƙarasa, kansa a ƙasa.

"Ai magana ta ƙare," in ji Alhaji, ba dutse a hannunsa. "A sa yarinya ta ce ta yafe, mu tashi, motocina na jira."

"Alhaji, ba kai ke riƙe da dutse ba," Madam ta ce.

Mista Gyang, shugaban makaranta, ya yi mata wani kallo. Alhaji ne ya yi mana rufin ɗakin karatu bara. Babana kuwa yana gefe, ya cire hula ya danne ta a kan gwiwa. Shekara goma sha ɗaya yana sauke wa Alhaji kwandunan tumatir a kasuwar Farin Gada.

Da dutsen ya dawo wurina sai na damƙe shi na yi shiru. Dokar ta yarda da shiru. Haka muka zauna har aka kaɗa ƙararrawa.

* * *

Washegari na dawo daga makaranta na tarar da Baba a tsakar gida da rana tsaka, yana ɗinke tsohon buhu da ba ya buƙatar ɗinki.

"Ba kasuwa yau, Baba?"

"An ce in huta har a gama zancenku."

Bai ce in yafe ba. Da ya ce, da na sami abin yi wa gardama. Kullum da la'asar shi ke riƙe mini takarda ina koyon rubutu da hagu, yana dariyar haruffana wai kamar sawun kaji. Kwana shida aka yi haka. A na bakwai Inna ta dafa tuwo ba miya, kowa ya ci bai ɗaga kai ba.

Madam ta tare ni a bakin aji. "Ummusalma, kada ki faɗi abin da ba ya zuciyarki. Ba don haka na kawo da'irar nan ba."

"Madam, da'irarki tana da kujerar da za a zaunar da kasuwar Farin Gada?"

Na wuce ta na shiga aji.

* * *

Laraba muka sake zama. Na karɓi dutsen, na dubi Abdulfatah har ya kau da ido.

"Na yafe."

"Madalla da 'yar albarka!" in ji Alhaji. Ya juya ga Baba. "Gobe ka fito da wuri, akwai mota biyu."

"Na gode, ranka ya daɗe."

Mista Gyang ya sa aka ɗauke mu hoto don allon sanarwa. Madam kaɗai ta dubi kwandon, ta ga ba kome a ciki. Ta dube ni, ta ɗauke shi ta rufe da littafinta.

Na rubuta jarrabawa da hagu. A Lissafi lokaci ya ƙare ina kan tambaya ta huɗu, alhali na san amsar sauran. Abdulfatah yana layi na biyu a gabana, alƙalaminsa na gudu.

Hoton yana nan a allo har yau, kowa na murmushi. In ka duba da kyau za ka ga aljihun rigata ya rinjaya gefe ɗaya.