Almakashin Yaya

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na sani. Wannan ma don ya hana ni sakat ne.

Yayata ce mai yanka a wani shagon ɗinkin kayan 'yan makaranta. Shekara tara tana kan babban teburi, tana yanka yadi ninki goma ba ta kauce wa layin alli ba. Sai ciwo ya zo. Ta daina magana, ta daina cin abinci, ta yi wata huɗu tsakanin asibiti da ɗaki. Likita ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani. Mama ta ce wa mutane taifot ne.

Da ta samu sauƙi, likita ya rubuta takarda cewa ta koma bakin aikinta, rabin yini tukuna. Ni aka aika in kai wa manajan shagon, wai ni ce mai karatu.

Manaja mutumin kirki ne, abin haushin ke nan. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau.

"Ƙanwata, tsakaninki da Allah, ta taɓa ƙoƙarin ji wa kanta ciwo?"

"A'a," na ce. Da ma na tsaya nan. Amma shiru yana ba ni tsoro, sai na cike shi. "Mama ce dai ta ɓoye wuƙaƙen kicin, don hankalinta ya kwanta."

Ya gyaɗa kai, ya rubuta wani abu.

Kwana uku Yaya tana yanka tsofaffin jaridu a gida, wai don hannu ya tuna. Ranar Litinin na raka ta.

Wata mai ɗinki da suke kira Rediyo ce ta fara hango mu.

"Wannan wane irin taifot ne mai sa kumatu? A sam mana mana."

"Ke dai bakinki bai taɓa zuwa hutu ba," in ji Yaya.

Aka yi dariya, har ta yi yawa. Yaya ta nufi teburinta. Wata ce a tsaye a wurin, ƙusar da ake rataye babban almakashi kuma babu komai a jikinta.

Manaja ya fito yana murza hannu. "Babbar yaya, mun sama miki wuri mai iska a bakin ƙofa. Maɓalli za ki riƙa sawa."

"Takardar ta ce aikina."

"Ta kuma ce a bi a hankali."

"Har yaushe?"

"Mu ga yadda hali zai yi."

Ta zauna. Ta ɗinka maɓallin farko, ta miƙa hannu inda ƙaramin almakashin yanke zare yake zama. Babu. Ina kallo ta kusa da ita ta tura nata ƙarƙashin yadi.

"Rediyo, ara mini naki."

"Kawo in yanke miki, ai ba wahala."

Yaya ta dube ta, ta dubi shagon gaba ɗaya. Kowa ya sunkuya kan kekensa. Sai ta kai zaren baki, ta tsinke shi da haƙori.

"Mama ba ta iya riƙe magana ba," ta ce a hankali, ba ta ɗago ba.

Ni kuwa na san ba Mama ce ta kai zancen wuƙaƙen ba, ni ce. Yaya ta ɗauki maɓalli na biyu. Kekuna suka tashi gaba ɗaya, ni kuma na bi gefen bango na fice, ba wanda ya waiwayo.