Gida Goma Sha Huɗu a Kan Layi Ɗaya

Shekara ashirin da biyu ina hawa falwayar kamfanin waya a garin Manizales na ƙasar Kolombiya, kuma in ka ji na ce na ga aikin da ya fi ƙarfina, to ka yarda, don ni ba na yabon aikin kowa. Matata ma ta ce ko arepa, wainar masarar nan tamu, ta gasa mini, sai na juya ta na nemo inda ta ƙone.

Ranar wata Asabar aka miƙo mini takardar koke daga unguwar La Cuchilla, can kan tudu: intanet na rarrafe. Ma'aikata uku sun riga sun je gidan. Kowannensu ya canja modem, ya sha kofi, ya sa hannu ya kama gabansa. Yaran zamani ke nan, in abu ya ƙi sai su canja akwati. Na ajiye mota a gindin tudu, na saɓa tsani na hau matakalar nan da ba ta ƙarewa, ina hawa ina zagin ma'aikatan nan ɗaya bayan ɗaya.

Mai gidan wata tsohuwa ce, Doña Ermelinda, 'yar ƙarama, hannuwanta duk garin masara. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai ma kofin ka zo sha?"

"A'a Iya, ni gyara na zo yi. Gildardo sunana."

"Haka na ukun ma ya ce. Shigo, ka kula da kanka, ƙofar ba ta san dogaye ba."

Kafin ta rufe baki na riga na ƙwala goshina. Ta ce, "Ka gani ko."

Kwamfutar na kan teburin ɗinki, an lulluɓe ta da ƙyalle kamar abincin baƙo. Na tambaye ta me take yi da intanet ɗin, don in san irin gudun da take buƙata. Sai ta goge hannu ta zauna.

'Yarta ɗaya tilo, Nubia, tana Sifen. Kurma ce, mijinta ma kurma ne. Ita kuwa tsohuwar ba ta yi makaranta ba, don haka rubutu ba ya haɗa su, murya ba ta haɗa su. Maganar hannu ce kawai, wadda suka saba tun yarinyar tana ƙarama. Nubia ce ta sa aka jawo intanet ɗin domin su riƙa kiran bidiyo kowace Asabar da sha biyun rana. To amma da zarar ta ɗaga hannu za ta yi magana sai hoton ya ƙame, ya dawo hannun yana wani wuri dabam.

"Kamar a ce kana magana ana toshe maka baki," in ji ta. "Rabin kalma nake samu. Kuma ta haihu, yau sati shida. Namiji. Ni so nake in sani ko yana ji."

"Ba su rubuto ba?"

"Sun rubuto, an karanta mini, wai likita ya ce lafiya. Likita! Ni ma ai likita ne ya ce mini zazzaɓin Nubia ba komai ba ne. Da idona nake so in gani. Asabar uku ke nan tana ɗauko shi, tana tafi a bayan kunnensa, sai hoton ya sandare. Ban san ko ya juya ba."

Na duba agogo. Tara da rabi.

Na soma yadda aka saba. Na cire wayar falon, na canja igiyar da ke tsakanin soket da modem, na kashe rediyon da ke ta kaɗe-kaɗe a kusa. Ba abin da ya motsa. Na jona mitata a layin, sai ta nuna mini hayaniya kamar kasuwar Asabar. Layin gida ɗaya ba ya haka.

"Iya, waya nawa ce a gidan nan?"

"Ɗaya." Amma da ta faɗa, tukunya take kallo.

Na kafa tsani a waje, na buɗe ɗan akwatin da layin ke shigowa ta cikinsa. Ai kuwa ga ta nan. Bayan wayar da ta shiga falo, akwai wata siririya baƙa da ta lallaɓa ta ƙarƙashin kwano ta yi bayan gida. Murya da intanet waya ɗaya suke bi, kuma duk reshen da aka ja daga layi yana kwaso ƙara ya shaƙe intanet ɗin. Na kwance reshen na sauko. Tabɗi! Gudun ya ninka har sau bakwai. Na buɗe mata wani bidiyo, mutane na tafiya sumul.

Ta daɗe tana kallo. Can sai ta ce, "Me ka taɓa?"

"Wata wayar sata ce na cire. Yanzu zan datse ta gaba ɗaya, shi ke nan kin ga jikanki."

"Mayar da ita."

"Na'am?"

"Ka ji ni sarai. Hau ka mayar da ita yanzu-yanzu. Minti nawa ke nan tana cire?"

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Haba Iya! Na hau tudun nan da tsani a kafaɗa, na samo miki abin da mutum uku suka kasa, kina ce mini in mayar? Kin san ma doka ta ce in rubuta in kai ofis?"

"Ka rubuta. Amma ka fara mayarwa."

Sai da ta ga na hau na ɗaure wayar da idonta sannan ta zuba mini aguapanela, wato ruwan mazarƙwaila mai zafi, ta ba ni labarin. Mijinta marigayi, Don Arcesio, gyaran rediyo yake yi. Lokacin da sanƙarau ya kama Nubia tana 'yar shekara biyu, babu waya ko ɗaya a duk La Cuchilla. Da ƙafa ya sauka da ita a kafaɗa cikin ruwan sama, kafin a sami mota an yi awa huɗu. Ta rayu, amma kunnen ya tafi. Shekara shida yana bin layin neman waya, kuma ranar da aka jona masa ya ce ba wani gida a tudun nan da zai sake rasa hanyar kiran likita. Shi ne ya ja reshen nan zuwa gidajen maƙwabta.

"Iya, yanzu fa kowa da salularsa," na ce.

"Ka bi wayar ka gani. Tunda kai ne ka fi kowa sani."

Don in ƙaryata ta na bi, wallahi ba don komai ba. Na ɗauki filaya a aljihu.

Ikon Allah! Na zaci zan tarar da irin ƙulle-ƙullen da ɓarayin layi suke yi da salatif. Ina! Kowane haɗi an narka masa dalma, an naɗe shi da robar tayar keke, an kife masa gindin kwalba don kada ruwa ya taɓa. A cikin kowace kwalba akwai 'yar takarda da kwanan wata da sunan gida. Na buɗe ɗaya da ta haura shekara ashirin, tagullar na ƙyalli kamar jiya aka yi. A garin da ruwan sama ba ya hutawa! Wayar ta bi ta ƙasan kwanuka, ta ratsa bishiyar gwaiba ta cikin guntun tiyo don kada reshe ya goge ta, ta tsallaka rafi a kan gora. Na tsaya a bakin rafin na cire hulata ban ma sani ba.

Wani abu kuma ya dame ni. Waya da yawa haka a kan layi ɗaya, ai da tuni ƙararrawa ta gaza, ofis ya gano. Na roƙi wata mata ta bar ni in buɗe tata. Ashe mutumin nan ya cire wa kowace waya ƙararrawa, ta gidansa kaɗai ya bari. Ni da aka tura kwas har babban birni Bogotá, ban taɓa tunanin haka ba.

Na ƙirga gida goma sha uku bayan nata. Na ƙarshen yana can cikin kwazazzabo, inda salulata ta mutu murus, ko sandar sabis ɗaya babu. Wani tsoho ne a ciki shi kaɗai, Don Tiberio, ƙafafunsa sun kumbura, wayar na kan kujera a gefen gadonsa.

"Kai ne mai filayar?" ya ce. "Labarinka ya riga ka isowa. Kana tsammanin mu ba ma ɗaga waya mu ji gulma?"

"Baba, kana amfani da ita kuwa?"

"Kullum da shidan safe. In ɗaga, Ermelinda ta ɗaga, in danna lamba ɗaya ƙugin layin ya ɗauke, in ce mata ban mutu ba. Ta ce to Allah ya kyauta, gobe ma ka gwada. Ran da ba ta ji ni ba za ta turo mutane." Ya yi dariya har da tari. Sannan ya kama hannuna. "Ka datse ta, yaro. Kar ka ji maganar waccan mai taurin kan. Ni na ga nawa jikokin."

Kunya ta kama ni har wuya. Ita ta ce kar a yanke saboda shi, shi ya ce a yanke saboda ita, ni kuma ga ni tsaye da filaya a aljihu kamar sakarai. Sha ɗaya da kwata.

Da gudu na hau, ni da gwiwata ba ta son gudu. A cikin jakata akwai filta, 'yar aba kamar kwalin ashana, wadda ke barin murya ta wuce ta tare intanet. A gindin waya ake sa ta, gida ɗaya, waya biyu ko uku. Ban taɓa jin wanda ya ɗora wa guda ɗaya unguwa sukutum ba. Amma tunda Don Arcesio ya cire ƙararrawar, nauyin ba shi da yawa, wato mutumin ya yi mini rabin aikin tun kafin a san wani abu wai shi intanet.

Na hau tsani na raba layin tun daga tushe: hanya ɗaya kai-tsaye zuwa modem, ɗayar ta bi ta filta zuwa wayar falo da reshen unguwa. Na ɗauko salatif zan naɗe, sai na ji hannuna ya ƙi. Na leƙo ƙasa.

"Iya, akwai sauran dalmarsa?"

Ta shiga ta fito da wani gwangwanin biskit, da dalma da roba da kwalaben da ya yanke ya ajiye. Na yi haɗin irin nasa, iya yadda zan iya, kuma nawa bai kai nasa kyau ba.

Sha biyu saura uku na sauko. Ta cire ƙyallen, ta gyara gashinta, ta zauna. Kwamfutar ta yi ƙara.

Sai ga Nubia. Hannuwanta suka soma tashi, ba tsayawa, ba yankewa, tsohuwar ma ta ɗaga nata masu garin masara. Ban gane ko kalma ɗaya ba, amma ban taɓa ganin hira mai sauri irin wannan ba, ɗaki tsit, mutum biyu suna ta katse juna. Shekara ashirin da biyu ina jan waya, ranar na fara ganin abin da ke bi ta cikinta.

Mijin ya kawo jaririn ya riƙe shi yana fuskantarmu. Nubia ta zagaya ta bayansa ta hagu, inda ba zai gan ta ba. Ta dubi uwarta. Ta tafa hannu sau ɗaya.

Yaron ya zabura, ya juya kai hagu, ya ɓare baki da kuka.

Doña Ermelinda ba ta yi ihu ba. Ta sa yatsa ta taɓa kunnenta, ta nuna yaron, Nubia na gyaɗa kai tana hawaye. Sannan ta miƙa hannu, idonta na kan hoton, ta ɗauki kan wayar falon. Na zuba ido ina jiran hoton ya ƙame. Bai ƙame ba.

"Na san duk kuna nan, magulmata," ta ce. "Tiberio, kana ji na? Yana ji. Yaron yana ji."

Ta ƙofar da ke buɗe na ji ihun ya tashi daga maƙwabta, ya gangara gida bayan gida yana bin wayar, har can wajen rafi wani ya soma buga murfin tukunya.

A takardar ofis na rubuta cewa an sami matsala a haɗin waje, an gyara. Na roƙi tsohuwar 'yar takarda da fensir, na sa kwanan wata, na sake hawa tsanin na tura cikin kwalbar. Sunan Don Arcesio na rubuta, ba nawa ba.