Sitiyarin Motar Auta

Rabin jikinsa na cikin motar, rabi a waje. Gadon bayansa a kan dokin ƙofa, kansa a ƙarƙashin sitiyari, 'yar tocila a bakinsa, gumi na gangarawa cikin kunnensa. Motar ja ce mai ƙofa biyu, gajeriya har cikinta na neman shafar ƙasa, irin wadda ba a ƙera don ɗaukar iyali ba sai don gudu. Zuwanta na uku ke nan garejin cikin wata guda, kuma ciwon nata ɗaya ne. A danna maɓallin tashi, ta yi ƙas, hoton jan sitiyari ya fito a allon gaba, sitiyarin kuwa ya sandare kamar an dasa shi.

"Mai Wayarin, amaryar taka ta sake yin yaji ne?" in ji mai fenti daga rumfarsa. "Anya ka iya lallashi kuwa?"

Shekara ashirin da biyu Mai Wayarin yana bin wayoyin mota, bai saba aiki ya dawo masa sau biyu ba, balle uku. Zuwan farko ya ga batir ya yi sanyi, ya sauya. Zuwa na biyu ya tarar da wata waya ta yi tsatsa inda ta kama jikin mota, ya kankare, ya ɗaure tamau. Yau kam ya kwance akwatin makullin sitiyarin gaba ɗaya, ya buɗe shi a kan cinyarsa. Nan ya ga asalin cutar. Ɗan injin da ke janye harshen makullin, wato ƙarfen da ke kulle sitiyari, haƙoransa sun cinye, wani lokaci ya kama, wani lokaci ya zame.

Wani takalmi mai sheƙi ya zunguri ƙafarsa.

"Malam, ni fa jira ne ba na so."

Mai motar ne, autan wani Alhaji da ake ji da shi a garin. Kowa Auta yake ce masa. Bai wuce shekara ashirin da biyar ba, amma idanunsa sun kaɗa sun yi ja, maganarsa na fitowa a hankali kamar harshen ya yi masa nauyi.

"Yallaɓai, na gano matsalar. Sai an sauya akwatin nan dungurungum. In aka yi oda yau, mako biyu ya iso."

"Mako biyu! Abokaina na jirana a sabon titi da la'asar. Cire abin kawai."

"In na cire harshen, sitiyarin ba zai ƙara kullewa ba, ko a tsaye ko a tafe. Sai dai ɓarawo zai ji daɗi."

"Wane ɓarawo ne zai taɓa motar gidanmu? Cire."

Mai Wayarin ya zare harshen, ɗan guntun ƙarfe da bai fi yatsa ba, ya jefa a aljihun rigar aikinsa. Da ya tura kujera baya don ya mayar da murfi, sai kwalabe suka gangaro daga ƙarƙashinta suna ƙara, kwalaben maganin tari guda biyar, duk babu komai ciki. Ya dube su, ya dubi saurayin. Magana ta zo masa har maƙogwaro. Ya tuna ɗan wane ne, ya haɗiye rabinta.

"Yallaɓai, a riƙa sassautawa. Titin nan akwai mutane."

Auta ya yi dariya, ya danna maɓalli. Motar ta yi gurnani, ta fice daga garejin da wata irin ƙara da ta sa tattabarun kan rumfa suka watse.

* * *

Kwana biyu tsakani labari ya iso garejin. Jar mota ta hau gefen sabon titi da rana tsaka, ta kwashe wata mata mai sharar titi, ta haɗa ta da sandar fitila. Matar ko shurawa ba ta yi ba. Direban kuwa ko ƙwarzane.

Washegari da hantsi wani mutum mai baƙar kwat ya shigo, yana ɗaga ƙafa yana tsallake baƙin mai. Ya ce shi lauyan Alhaji ne. Ya ja Mai Wayarin gefe, ya buɗe jaka, ya fito da takarda guda.

"Abu ne mai sauƙi. Sau uku aka kawo maka motar nan saboda sitiyari na kullewa, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To shi ke nan. Ka sa hannu cewa matsalar daga kamfani take, kuma tana iya tasowa ana cikin tafiya. Yaron ya ce sitiyarin ne ya ƙage a hannunsa."

"Ranka ya daɗe, ba zai yiwu ba. Ciwonta a tsaye yake kama ta, kafin a tayar. Kuma ma na cire harshen da hannuna. Ga shi nan." Ya laluba aljihu, ya ɗora ƙarfen a tafin hannunsa.

Lauyan ya daɗe yana kallon ƙarfen, sannan ya yi murmushi irin na mai tausayi.

"Malam, mayar da wannan aljihunka, kuma ka gode wa Allah ni kaɗai na gani. Kai yanzu da bakinka kake cewa ka kwance sitiyarin mota, ka cire wani abu, ka ba mutum ya hau titi, bayan kwana biyu ta kashe rai? Kamfani ne ya ba ka izini? In magana ta je gaban alƙali, ko dai laifin waɗanda suka ƙera ta ne, suna can wata duniya, ko kuma na hannun da ya taɓa ta a ƙarshe. Zaɓi ya rage naka."

"Akwai kwalabe a ƙarƙashin kujera."

"An duba motar. Babu komai a ƙarƙashin kujera." Ya ajiye takardar a kan bencin aiki, ya danne ta da sifana. "Gobe war haka zan dawo."

* * *

Ranar bai iya ƙarasa aikin kowa ba. Tun kafin la'asar ya koma gida. Ya tarar da matarsa a tsakar gida tana matse kayan makarantar yara tana shanyawa. Ta dubi fuskarsa sau ɗaya, ta ajiye bokiti.

"Baban yara, lafiya? Ko jikin ne?"

Ya zauna a kan turmi, ya kwashe komai ya faɗa mata, har kwalaben. Tana tsaye da jiƙaƙƙiyar riga a hannu, ruwa na ɗiga a kan ƙafarta ba ta sani ba.

"Da ka ga kwalaben nan, me ya hana ka ce motar ba ta gyaru ba?"

"Da na sani."

"Da na sani ƙeya ce." Sannan ta sassauta murya. "In ka faɗi gaskiya, za su kama shi?"

"Ni za su kama."

"In ka sa hannu fa?"

"Ba za a kama kowa ba."

Ta shanya rigar, ta gyara mata wuya, ta sake gyarawa ba don tana bukata ba.

"Matar nan, tana da 'ya'ya?"

"Biyu aka ce."

Ta juya masa baya, ta sunkuya a kan bokitin. Daga can ya ji muryarta ƙasa-ƙasa.

"Mu kuwa huɗu gare mu."

Da safe ya sa hannu. Yatsunsa suka bar baƙin tabo a gefen takardar, lauyan ya hure wurin, ya ninke, ya ce Alhaji ba ya manta alheri.

* * *

Bayan mako guda, yana tsugune yana haɗa fitilar wata tsohuwar bas, sai ya ji sallama a kansa. Wani dattijo ne siriri, da sanda, rigarsa wankakkiya amma ta sha jiki. Ya ce shi ne mahaifin matar da mota ta kaɗe. A ofishin 'yan sanda aka karanta masa takardar, ya roƙi a nuna masa inda mai gyaran yake.

Mai Wayarin ya miƙe. Ya jawo benci, ya goge da hannun riga.

"Zauna, Baba. Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙanta."

"Amin, ɗana. Ba rigima ta kawo ni ba." Dattijon ya zauna, ya jingine sandar a gwiwarsa. "Ni ma direba ne. Shekara arba'in ina jan babbar mota kafin ido ya gaza. A iya sanina, sitiyari ba ya kullewa inji na aiki. Ban taɓa gani ba, ban taɓa ji ba. To amma motocin yanzu sun wuce sanina, komai nasu na'ura ce. Shi ya sa na ce bari in zo wurin mai sana'ar, ido da ido. Tun ranar ban runtsa ba. In na rufe ido sai in ga yaron nan, zuciyata ta yi ta tafasa, har tsoron abin da nake roƙa masa nake yi. Jikokina suna tambayata wa ya kashe uwarsu. Ka faɗa mini tsakaninka da Allah, yana faruwa?"

Mai fenti ya kashe injin feshinsa. Mai Wayarin ya dubi hannuwan tsohon, masu kanta irin ta wanda ya daɗe yana riƙe sitiyari. Ya ga tsakar gidansa, da ƙananan riguna huɗu a kan igiya.

"Yana faruwa, Baba."

Dattijon ya sauke dogon numfashi, kafaɗunsa suka saki.

"Alhamdu lillahi. Ashe ƙarfe ne. To ƙarfe ai ba a riƙe shi a zuci. Na kusa ɗaukar alhakin ɗan mutane." Ya share ido da bakin hularsa, ya miƙe da ƙyar, ya kama hannun Mai Wayarin da hannu biyu. "Ka sauke mini kaya, ɗana. Allah Ya yi wa sana'arka albarka, Ya raya maka zuri'a."



Mai Wayarin ya raka shi bakin gareji, ya tsaya yana kallonsa. Tsohon na tafe a gefen titi, sanda na gaba yana biye. Duk motar da ta taho, komai nisanta, sai ya tsaya cak, ya manna bayansa da katanga, ya jira ta wuce, sannan ya ci gaba.