Sirrin Injiniya Babaji

A duk layin masu gyaran waya na Ƙofar 'Yandaka, Injiniya Babaji kaɗai ke da labule a cikin shago. Wani koren yadi ne ya rataya a tsakiyar shagon da bai fi ɗakin girki ba, ya raba shi biyu. Gaba na jama'a ne. Baya kuwa nasa ne shi da kwamfutarsa, ko ƙuda ne ya leƙa sai ya sha harara.

Aiki ɗaya ne ya yi masa suna. Idan katin memorin mutum ya mutu, hotunan biki ko na suna ko karatun da ya naɗa suka ɓace, sai a ce masa ya nufi wurin Babaji. Zai karɓi katin da yatsu biyu, ya ɗaga shi sama kamar likita da hoton ƙashi, ya girgiza kai, ya ce a dawo jibi. Sannan ya shige bayan labule. Aikin bai wuce na minti ashirin ba. Jibin nan don a ƙara wa abin kwarjini ne kawai.

In an matsa masa da tambaya, sai ya ce a Dubai ya samo manhajar, wurin wani Balarabe da ya sa shi rantsuwa kada ya nuna wa kowa. Babaji dai iyakarsa Zariya, ita ma ɗaurin aure ya kai shi. Gaskiyar magana, kyauta ya sauke ta daga intanet shekara bakwai da suka wuce. Irin buɗaɗɗiyar manhajar nan ce da masu ita ke barin rubutunta a fili, kowa ya ɗauka, ya karanta, ya gyara, ya miƙa wa na gaba. Shi da ya ɗauka sai ya rufe ƙofa.

Amma a yi masa adalci, akwai abin da yake nasa na kansa. Kasuwa cike take da katin jabu, an rubuta girmansa giga talatin da biyu a jikinsa, cikinsa ko huɗu bai kai ba. Manhajar in ta shiga irin wannan kati sai ta yarda da ƙaryarsa, ta yi ta zagaye wuri ɗaya har ta sandare. Babaji ya kwashe damina guda cur yana bin rubutun manhajar layi-layi, da ƙamus a gefensa, shi da ko sakandare bai gama ba, har ya gano inda matsalar take. Layi goma sha ɗaya ya canza. Tun daga ranar babu katin jabun da ya gagare shi, kuma a duk Katsina babu wanda ya iya wannan sai shi. Bai faɗa wa kowa ba. Ko matarsa Hajo abin da ta sani kawai shi ne maigida yana da wani abu a bayan labule.

Wata Laraba maƙwabcinsa Audu, mai canjin gilashin waya, ya leƙo da takarda a hannu.

"Injiniya, ka ga wanga? Taro za a yi ran Asabar a wata makaranta can Ƙofar Sauri. Wai manhajoji za a raba kyauta, har da ta tono hotuna daga memori."

Babaji ya taɓe baki. "Kyauta? Kai dai Audu ba ka rabo da kwashe-kwashe. Abin kirki ana raba shi kamar ƙosan sadaka?"

"To ni dai zan tahi in gani."

"Ka tahi mana. Wa ya riƙe ka?"

Ranar Asabar tun ƙarfe tara Babaji yana ɗakin taron, a kujerar ƙarshe, jakar kwamfutarsa a kan cinya ya rungume ta da hannu biyu. Ya gaya wa kansa dariya ya zo yi. Tsoro ne ya kawo shi, kuma ya sani.

Taron ya fara yadda taro ke farawa a garin nan. An ce ƙarfe tara, aka buɗe da addu'a sha ɗaya saura. Aka jera manyan baƙi a babban tebur, mutum biyar, uku daga cikinsu sai an buɗe musu saƙo a wayoyinsu. Kowanne ya tashi ya gaida na kusa da shi da na nesa da shi da wanda bai samu zuwa ba, ya ce fasahar zamani abu ne mai muhimmanci, ya zauna. Matasa suna ta wawason sitika suna mannawa a bayan kwamfuta. Wasu kuwa idonsu na kan kulolin shinkafa da aka ajiye a lungu. Hankalin Babaji ya ɗan kwanta. Waɗannan ne za su tona masa asiri?

Da manyan baƙi suka tafi, sai wani dogon mutum ya karɓi makirfo. Luka sunansa, ma'aikacin gwamnati ne ɗan kudancin Kaduna da ya daɗe a Katsina, shi ya haɗa taron. Aka kunna majigi a bango. Ya nuna manhajar rubutu, ya nuna ta zane, ya nuna wadda ke tayar da tsohuwar kwamfutar da aka fid da rai da ita. Filash guda shida masu ɗauke da manhajojin suna yawo hannu zuwa hannu, kowa na kwafa. Can sai ga ta a bango, ɓaro-ɓaro, da baƙin allonta da fararen haruffanta. Manhajar Balaraben Dubai.

Audu ya waiwayo daga sahu na uku. Babaji ya dubi silin.

"Wannan tana dawo da hotunan da suka ɓace," in ji Luka. "Amma tana da matsala ɗaya da ta dame mu a nan. In katin jabu ne, sai ta tsaya cak. Mun rubuta wa masu kula da ita, suka ce su a ƙasarsu ba su da irin katunan nan, in mun gano gyaran mu aiko musu su saka. To ga mu a ɗaki ɗaya. Akwai masu gyaran waya a nan, na san kun fi mu sanin katin jabu. Ko akwai wanda ya taɓa cin karo da maganin abin?"

Ba wanda ya ɗaga hannu. Layi goma sha ɗayan nan suna kan cinyar Babaji, zif ɗaya ne tsakaninsu da bangon. Wani daɗi ya ratsa shi tun daga wuya har tafin ƙafa. Ga masu digiri, ga masu Turanci, ga majigi, duk sun yi cirko-cirko, amsar kuwa tana wurin wanda ko kallonsa ba su yi ba da ya shigo. Ya ƙara matse jakar.

"Injiniya Babaji na nan hwa," Audu ya faɗa da ƙarfi. "Shi aikinshi ke nan."

Kawuna suka juyo. Luka ya yi murmushi. "Ranka ya daɗe, ko za ka taimaka mana?"

Babaji ya gyara zaman hularsa. "Ni tawa daban ce. Ba irin wagga ta yara ba ce."

"To madalla," in ji Luka, bai ja ba. "Bari mu gwada da kanmu. Duk mai sha'awa, bayan Azahar mu haɗu a teburin can."

Aka yi salla, aka ci shinkafa, rabin ɗakin ya watse kamar yadda aka saba da zarar kula ta koma wayam. Babaji bai tafi ba. Yana so ya ga yadda za su sha ƙasa.

Mutum bakwai suka kewaye teburin. Wadda ta zauna gaban kwamfutar wata malama ce mai koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata, Madina, 'yar Ƙofar Durbi, siririya da farin gilashi. Babaji ya dube ta ya yi tsaki a ciki. Abin da ya ci masa damina guda, wannan ce za ta yi shi kafin La'asar?

Abin haushin shi ne yadda suke aikin, babu ko kunya. Komai a bango suke yinsa, kowa na gani. Madina ta yi kuskure, wani ɗalibin kwalejin fasaha ya ce mata ta yi kuskure, ta ce haka ne, ta goge, ba ta ko ɓata rai ba. Audu da bai san ko harafi ɗaya na rubutun manhaja ba ya zazzage aljihunsa, ya zube katunan jabu guda tara a tebur, yana gaya musu wanne ne ke mutuwa in ya cika, wanne ne ke maimaita hoto ɗaya sau ɗari. Wata mata mai ɗaukar hoton biki ta ce ita ta lura duk abin da ya haura wani adadi shi ke ɓacewa. Madina ta tsaya, ta sa aka maimaita mata maganar. Sannan ta gangara cikin rubutun.

Babaji ya ga inda ta nufa. Ya san wurin kamar yadda ya san hanyar gidansu. Ta wuce shi, ya saki numfashi. Ta dawo. Ta tsaya a kansa daidai.

Babaji ya dafe jakarsa da hannu biyu.

Ƙarfe huɗu saura kwata aka zura katin jabu na farko. Manhajar ta shiga, ta kai inda ta saba sandarewa, ta wuce abinta. Hotuna suka fara zubowa a bango, wani ango da babbar riga, wata tsohuwa tana dariya, akuya a bakin rijiya. Aka tafa. Aka gwada na biyu da na uku, duk suka buɗe. Nan take filash shidan nan suka sake zagayawa da sabon gyara a cikinsu, Audu ne ma ya fara miƙa hannu.

"Yanzu sai mu aika wa masu ita," in ji Luka. "In sun karɓa, duk wanda ya sauke manhajar nan a duniya zai same ta da gyaran Katsina, kuma sunan wanda ya yi yana nan a rubuce har abada. Malama Madina, sa sunanki."

Babaji bai san lokacin da ya miƙe ba. Kujerar roba ta kife a bayansa.

"Ni na riga ta. Shekara huɗu ke nan da na yi wanga gyara. Ni kaɗai, ba wanda ya kama mani."

Wani daga cikin matasan ya ƙyalƙyale da dariya, na kusa da shi ya zungure shi.

"Injiniya," in ji Audu a hankali, "ba kai ka ce taka daban ce ba? Ta Dubai?"

Babaji ya dubi Audu, ya dubi sauran 'yan layinsu da suka zo taron. In ya ce daban ce, to gyaran ba nasa ba ne. In ya ce ita ce, to shekara bakwai yana yi wa layin Ƙofar 'Yandaka ƙarya, kuma rabin layin na tsaye a nan suna kallonsa.

Madina ce ta cire hannunta daga kan kwamfutar. Babu gatse a muryarta, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

"Malam, ni na yarda da kai. Wanda ya yi shekaru yana wanga aiki dole shi san abin da ba mu sani ba. Namu na awa biyu ne, ƙila akwai katin da zai gagare shi. Kawo naka mu gani. In ya hi namu, shi za mu aika, da sunanka. In ma daidai suke, sai mu sa sunanka a sama, tunda kai ka riga."

Ta matsar da kwamfutarta gefe, ta buɗe masa wuri a teburin. Luka ya zare wayar majigin ya miƙo masa.

Babaji ya dubi wayar. Ya san nasa ya fi nata, ya gani da idonsa, akwai wani irin jan kati wanda gyaranta ba zai iya buɗewa ba. Abin da ya fi so a duniya a wannan lokacin shi ne ɗakin nan ya ga layukansa a bango, a san cewa shi ma kansa na ja. Yatsunsa suka kama zif ɗin jakar, ya ja shi har rabi. Sai ya hango Audu ya matso, da Sule mai cajin waya, da sauran 'yan layi, kowa ya miƙa wuya, kowa da filash a hannu.

Ya mai da zif ɗin ya rufe.

"Ba a nuna ma kowa," ya ce.

Ba wanda ya roƙe shi. Luka ya mai da wayar majigin inda take. Babaji ya ratsa tsakanin kujeru ya nufi ƙofa, yana rungume da sirrin da mutum talatin ke ɗauke da irinsa a aljihu. Yana jira wani ya kira shi, ko da Audu ne, ko da don a yi masa dariya. Da ya kai bakin ƙofa ya ɗan waiwaya. Duk sun ba shi baya suna kallon bango, Madina tana rubuta sunanta.