Akun da Hamja Ya Bari

"Haba Mama, gida ɗaya tal a garin nan, kuma sai namu! Kowa ya miƙa nasa, ke kin rungume naki kamar jinjiri. Ni da nake dafa wa baƙin nan abinci, da wane ido zan kalle su?"

Nursia ce, babbar 'yata, tana tace garin sago, wanda da shi muke tuwo a nan, tana mita. Na ce, "Da idon da kike kallon ɗan gidan Bapa Imam." Ta mayar da kai kan tatarta.

A kan aku ake rigimar. Fari ne mai jan tukku, irin na dajin tsibirinmu, Seram. Mijina Hamja ya bar min shi. Hamja mai kamun aku ne tun yana saurayi, wannan kuwa shi ne ɗan kiransa: a ɗaure shi a reshe ya yi ta ihu, 'yan'uwansa su sauko su faɗa tarko. Da ya bar sana'ar sai ya ajiye shi a baranda. Ciwon ƙirji ya ɗauke Hamja, Allah ya ji ƙansa, amma muryarsa ba ta tafi ba. Akun ya kwashe ta tsaf, har da tarin. Ina idar da sallar asuba zan ji, "Sitna! Shayin nan sai gobe?" Ni kuma in ce, "Hannuna biyu ne, Abang," don haka nake kiran Hamja.

Sai masu tattaki suka fara zuwa. Daga ko'ina suke, Musulmi da Kirista da waɗanda ban san me suke bi ba, har da Turawa. Su taka daga ƙauye zuwa ƙauye ta cikin daji, ba magana, kowa na addu'arsa a zuci. In suka hango aku a sama sai su tsaya cak kamar an ta da salla. Da fari na ce rashin aikin yi ne. Amma mazan da a da suke hawa bishiya da tarko yanzu su ke nuna musu hanya, mata na girki, rufin makarantar yara ma daga nan ya fito. Sai na kama bakina.

Bayan wata Juma'a Bapa Raja, mai garinmu, da Bapa Imam suka ɗaura wa aku sasi. Aka gicciya ɗanyen ganyen kwakwa a bakin masallaci, aka shafa addu'a. Abin da aka ɗaura wa sasi ba a taɓa shi, ko kanumfari ne ko kifi, wanda ya taɓa, shi da Allah. Wannan karon har da na cikin keji.

Bapa Raja ya zo da kansa. Ya ce, "Caca Sitna," wato Yaya Sitna a bakinmu, "ba zan tilasta miki ba. Amma da muka ɗaura ganyen nan ba mu ce ban da gidan wance ba."

Ni ina tsoron Allah. Na kuma ga yadda Hamja ya yi kuka a kan tabarmar jinya saboda tsuntsayen da suka mutu masa a cikin gora kafin su kai jirgi. Na ce wa Bapa Raja ina za a kai akun? Ya ce wurin kula da su, can bayan tudu, Yopi ke riƙe da shi. Yopi Kirista ne na ƙauyen gaba, tare suke hawan bishiya da Hamja. Na ce ai gida ne. A raina kamar yadda na kai ƙanin Nursia makarantar kwana ne: ka kai yaro, ranar Juma'a ka je masa da soyayyen kifi, ka ja masa kunne ka dawo. Ban tambaya ba. Ba wanda kuma ya ga dalilin gaya min.

Ni na ɗauki kejin da kaina, na rufe shi da zane, na bi sahun masu tattakin. Duk an yi tsit, sai ƙarar ƙafa a laka. Wata tsohuwar Baturiya a gabana har hawaye take. Sai kawai aka yi tari a ƙarƙashin zanen, aka ce, "Sitna! Shayin nan sai gobe?"

Mazan garinmu suka toshe baki, kafaɗu sai rawa suke. Nursia kamar ta nutse. Ni dai na amsa a hankali yadda na saba. Da na san daga wannan babu wata, wallahi da na zauna a gefen hanyar nan na bar su su wuce.

Yopi ya ɗaga zanen ya ce, "Kai, tsohon munafuki, kana nan? Danginka nawa ka sayar?" Muka yi dariya. Na ce masa ɗanyar masara yake so, kuma kada a ba shi gwanda da ta nuna luguf. Ya ce to. Na juyo gida.

Juma'a ta zagayo, na ƙulla masara da ayaba na hau tudun. Yopi ya tare ni a ƙofa.

"Caca, ina zuwa?"

"Wajen yarona mana. Matsa."

Bai matsa ba. Ya ce an kai shi kejin baya, can cikin daji, na waɗanda za a saki. Mai kai musu abinci ma fuskarsa a rufe take, ba ya cewa uffan. Dole sai sun manta da mutum. In ba haka ba, ranar da aka buɗe musu, a kafaɗar wanda suka fara gani za su sauka, kuma ba kowane gari ke da sasi ba.

Na ce, "To ba ni abina."

"Ganyen yana nan a bakin masallacinku, ko an kwance?"

Yana nan. Na ajiye masa ƙullin na sauko. A kan kaji na huce a hanya, na bi su da jifa ba su yi min komai ba.

Nursia ta cire ƙugiyar kejin daga baranda don kada in riƙa kallo. Na sa ta mayar. Ta ce, "Mama, ai lada kika samu." Na ce na sani, ban ce ban samu ba. Je ki duba tukunyarki.

Damina ta wuce, wasu masu tattakin suka zo. Nursia ta ce min a ƙarshen tafiyar nan za a buɗe kejin baya. Na ɗaura ɗankwali na bi su. Ban ce komai ba a hanya, ba don dokarsu ba.

Na iske Yopi a bayan rumfa yana yanka gwanda cikin kwano. Ya ce akun lafiyarsa ƙalau, har ya sami mata, ihu yake yi yanzu irin na daji.

"Maganar fa?"

"Ta kusa ƙarewa. Wata safiyar ya yi, wata ya manta. Gobe da hantsi za mu buɗe."

"Bu Yopi," na ce, don haka ake girmama namiji a ƙauyensu, "ara min abin rufe fuskar nan. Ni zan kai musu abincin safe."

"Caca, takunki ma ya sani. In ya gane ki, aikin ya koma farko."

"Sai in cire takalmi."

Ya ci gaba da yanka. Na karɓe wuƙar daga hannunsa, don yankan ya yi manya, na gyara.

"Ba zan amsa masa ba. Na rantse da Allah, ko ya kira ni ba zan amsa ba. In ajiye kwanon, in tsaya bayan bishiya, in juyo. Don zaman da kuka yi da Hamja, Bu. Sau ɗaya kawai."