Sallama a Tsakiyar Wasa

"Shi Baban da kansa?" Sagir ya tambaya, ya ajiye kofin zoɓon da ko kurɓa bai yi ba.

"To ina da wani Baban ne?" Lailatu ta gyara mayafinta tana danne dariya. "Cewa ya yi ba ya ba da ɗiya ga wanda bai ga sana'arsa da ido ba. Na ce mashi gobe kuke wasan ƙarshe, ya ce shina nan tafe."

A zauren gidansu suke zaune bayan la'asar, can ƙasan hasumiyar Gobarau, ƙamshin jemammiyar fata na fitowa daga shagon mahaifinta, Malam Sammani baduku. Sagir ya buga tanis a Abuja, ya buga a Legas, har Lome ƙwallo ta kai shi, amma a garinsu har yau in ya ce shi ɗan wasa ne sai a gyaɗa kai a ce, to ban da wasan, wane aiki kake yi? A tasha an sha tare shi a taya raket ɗinsa, wai irin abin kashe sauron nan ne mai caji. Telansa kuwa kullum cikin mita yake, don damtsensa na dama ya fi na hagu kauri, riga ba ta taɓa zama masa daidai. Duk wannan ya saba shanyewa. Abin da ba zai iya shanyewa ba shi ne a hana shi wannan yarinya, wadda in ta yi murmushi sai ya ji kamar an buɗe taga a ƙirjinsa.

"Lailatu, abu ɗaya zan roƙe ki. A wajenmu, in an fara bugu ba a magana. Ko tari ba a so. Ki gaya mashi."

"Ni in ce wa Baba ya yi shiru?" Ta zaro ido. "Mutumin da in ya fita sayen goro sai an aika a nemo shi wajen gaishe-gaishe? Kai dai ka ci wasanka, malam ɗan ƙwallo. In ya ga an miƙo maka kofi, ai magana ta ƙare."

Washegari da hantsi filin kulob ɗin da ke GRA ya cika daidai gwargwado. Abokin karawar Sagir wani dogon Bayerabe ne daga Legas, mai bugu kamar yana jin haushin ƙwallon. Sagir ya yi duk al'adunsa. Ya tsallake farin layi bai taka ba, ya jera robobin ruwansa suna kallon gabas, ya shinshina sabuwar ƙwallo kafin ya buga. Yana yi yana satar kallon ƙofa. Tsohon bai iso ba. Kowa ya ci zagaye ɗaya, aka shiga na uku wanda zai raba gardama, rana ta take, har ya fara sa ran ko an sami wanda ya riƙe Malam a hanya.

Bugu ya dawo hannunsa a daidai inda ba a son kuskure. Wuri ya yi tsit. Ya ja numfashi, ya cilla ƙwallo sama.

"Salamu alaikum."

Muryar ta ratsa filin tun daga wannan bango har wancan. Kafin Sagir ya yi shawara da kansa, bakinsa ya riga ya amsa, "Wa alaikumus salam." Ƙwallon ta sauko ta same shi a goshi.

Ga Malam Sammani nan a bakin layi, da babbar riga ruwan toka da lema a hammata. Lailatu na can bayansa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kafaɗunta na rawa.

"Sagiru, barka da aiki. An tashi lafiya?"

"Shiru don Allah," in ji alƙalin wasa ta lasifika, daga kan doguwar kujerarsa.

Sagir ya san doka, ya san agogo na tafiya a kansa. Ya dubi ƙwallon, ya dubi furfurar tsohon. Tun da aka haife shi bai taɓa amsa gaisuwar babba a tsaye ba, kuma gwiwoyinsa ba su nemi izininsa ba. Ya kwantar da raket ya durƙusa.

"Lafiya lau, Baba. Barka da isowa."

"Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya mutan Ƙofar Guga? Ya ƙafar Hajiyarka, ta yi sauƙi?"

"Da sauƙi, Alhamdu lillahi."

Alƙali ya yi gargaɗi. Malam ya tambayi kawunnan Sagir ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya koma Funtuwa. Alƙali ya sanar da cewa an ba ɗan Legas maki. Sagir ya ji sanarwar kamar an zare masa jijiya, amma bai ɗago ba sai da aka kai ga "madalla".

Sai a lokacin Malam ya ɗaga kai ya ga mutum a sama.

"Af, ashe da mutum a nan. Sannu da hawa, samari. Ya aiki?"

Alƙalin ɗan gari ne, shi ma a gida aka rene shi. Sai lasifika ta ɗauka, kowa ya ji: "Aiki da godiya, Baba."

Dariya ta ɓarke a rumfar 'yan kallo. Ɗan Legas da ya buɗe hannu zai yi ƙorafi, da tsohon ya juyo ya ɗaga masa hannu, sai ga shi ya rusuna har yatsunsa na taɓa ƙasa. Da ƙyar Lailatu ta ja mahaifinta zuwa kujera, tana raɗa masa magana a kunne.

Aka ci gaba. Sagir mai nishi ne in yana bugu, irin nishin da ke fitowa tun daga cibiya. Duk sanda ya yi, sai a ji ƙasa-ƙasa daga rumfa, "Sannu." Ya sake bugawa. "Sannu dai." Tun abin na dagula masa lissafi har ya daina ji. Ya bi ƙwallo kusurwa-kusurwa, ya zame ya kuje gwiwa, ya tashi, ya rama abin da aka ci shi har suka yi kunnen doki. Bai taɓa wasa mai kyau irin na ranar ba. Amma bugunsa na ƙarshe ya daki bakin raga, ƙwallon ta tsaya kamar tana tunani, ta faɗo ɓangarensa.

Ya je ya ba ɗan Legas hannu. Ya koma benci ya lulluɓe kai da tawul, don kada Lailatu ta ga idonsa. Ga kofi can ana gogewa za a miƙa wa wani. Me zai nuna yanzu? Mutum ya bar shagonsa ya zo ganin sana'a, ya tarar da faɗuwa.

Ya ji an zauna kusa da shi. Ya yaye tawul zai zame ƙasa, Malam ya riƙe hannunsa.

"Zauna. Yarinyar nan ta ce ni na ja maka faɗuwar nan."

"A'a, Baba. Ya dai fi ni yau."

"Na ja maka mana, ai ina da kunne." Tsohon bai saki hannun ba. Ya juya tafin, ya bi kantar da ke gindin yatsun da babban yatsansa, kamar yadda yake duba fata kafin ya saya. "Ni an ce mani wasa. Tun da na zauna ban ga wanda ya yi dariya cikin ku biyun ba. Wagga wahala, ko jimar fata albarka. Kullum haka kake?"

"Kullum, Baba. In ban da ranar Juma'a."

"Kuma wani lokaci a tashi ba kofi."

"Ya fi yawa ma," Sagir ya faɗa a hankali, don bai ga amfanin ɓoyewa ba.

Malam ya dubi filin da zafi ke tashi a kansa. Lailatu na tsaye nesa kaɗan, ta cusa gefen mayafi a baki, ita ma ta daina dariya.

Tsohon ya dogara lemarsa ya miƙe, ya karkaɗe riga. Da muryar nan tasa da ba ta san raɗa ba ya yi magana, har masu naɗe raga suka waiwayo.

"Ka ce wa kawunnanka su zo su same ni, na ba ka Lailatu. Kuma daga yau duk wasan da za ka yi a garin nan, da ni za a yi. Sai dai zan riƙa sammako, mu gama gaisawa tukuna."