Libarbar da Sadae ta Wanke

Duk mai tara bindigogin fim a garin Takasaki na ƙasar Japan ya san libarbar tsoho Nogami. Ta roba ce, ko ƙuda ba ta kashewa, amma ita ce sak irin wadda jarumin wani tsohon fim na masu neman dukiya a daji yake ratayawa a ƙugu. Sabuwa fil ya saye ta, sannan ya yi shekaru yana tsufar da ita da hannunsa. Sai ya tsayar da fim, ya kafa ido, ya ɗauko samfefa da baƙin tukunya ya kwaikwayi kowane ƙarzo da kowane tabon tsatsa. A wurin waɗannan mutane dattin nan shi ne darajar.

Ranar babbar sharar ƙarshen shekara, da ake wanke gida har rufi, Nogami ya dawo daga sayen wainar shinkafa ya tarar da matarsa Sadae a bakin famfo da buroshi. Libarbar na kan tawul tana ƙyalli, ba tabo ko ɗaya.

"Baban Michiru, dubi yadda ka bar abin nan ya yi ƙazanta," ta ce tana murmushi. "Na sha wuya kafin ya fita."

Tirƙashi! Ya ajiye wainar da ke hannunsa. Ba bindigar kaɗai ta karya masa zuciya ba. Sadae ce fa take riƙe masa fitila lokacin da yake wannan aiki, ita ce take korar jikoki daga kusa da kabad ɗin da yake ajiye ta. Tun bara mantuwa ta fara cin ta, yau ga inda ta kai. Ya matsa kusa da ita.

"Kin kyauta," ya ce. "Ta yi kyau ƙwarai."

Bajekolin sabuwar shekara na ƙungiyar masu tara bindigogin fim ya zo, kuma wanda alƙalai suka zaɓa shi ke samun teburin tsakiya. Nogami ya daɗe yana riƙe da teburin nan, abin da ke ci wa Hiruma, abokin hamayyarsa mai gyaran haƙori, tuwo a ƙwarya. Da Nogami ya buɗe akwati, mutane suka kewaye shi suna kallo. Hiruma ya leƙo, ya tuntsire da dariya.

"Haba tsoho! A kantin kayan wasan yara ka tsaya a hanya?"

"Ita ce dai wadda ka sani."

"Ina tsatsar? Ina ƙarzon mariƙi? Kai, wa ya yi maka wannan ɗanyen aiki?"

Nogami ya sunkuya yana warware ƙyallensa. Hiruma ya dube shi da kyau, dariyar ta ɗauke, don ya san halin da Sadae take ciki. Ya ja shi gefe ya rage murya.

"Ina da garin baƙi da samfefa a mota. Alƙalai ba su iso ba tukuna. Mu shafa mata ko sama-sama ne, ba wanda zai ji daga bakina."

"Bar kayanka a mota."

"Teburin zai kuɓuce maka fa. Ni zan ɗauka, kuma ba haka na so in ɗauka ba."

"Ɗauki mana! Ka haɗa da kujerar."

Taurin kai irin na Nogami sai dai a bar shi. Ya shimfiɗa jan ƙyalle, ya ɗora libarbar tana walƙiya a tsakiyar baƙaƙen 'yan'uwanta, ya harɗe hannu ya tsaya. Alƙalai suka zo, suka kalli juna, suka wuce. Aka ba Hiruma teburin tsakiya, Nogami kuwa aka tura shi can kusa da ƙofa, inda iska ke shigowa.

Can wani baƙo ya tsaya ya miƙa hannu zai ɗauka, a zatonsa ta sayarwa ce. Nogami ya tare hannun.

"Sa safar hannu tukuna," ya ce da ƙarfi, har na teburin tsakiya suka juyo. "Matata ce ta wanke ta."